Me ya hana sabuwar GT-R fitowa, kuma in jira ko in sayi tsohuwar Z?

Tambaya daga wani matashi a Aboabo, Kumasi: Masta, salamu alaikum. Na ji an daina ƙera Nissan GT-R, kuma har yau babu wadda ta gaje ta. Porsche ma an ce sabuwar ƙaramar motarsu ta gudu tana ta samun jinkiri. Shin basira ce ta ƙare wa injiniyoyinsu ko me? Ina tara kuɗi don in sayi Nissan 370Z hom-yus, wato wadda aka yi amfani da ita a ƙasar waje, amma abokaina sun ce in dakata, sababbi na tafe kuma farashin tsofaffi zai faɗi. Mene ne gaskiyar lamarin?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa albarka a abin da kake tarawa. Basira ba ta ƙare musu ba. Kuɗi ne ya yi ƙaranci, kuma a duk kamfanin da aljihu ya yi sanyi, motar gudu ce ake fara ajiyewa gefe. Na daɗe ina aikin inji a Suame Magazine, unguwar makanikai ta nan Kumasi, kuma ina bin labarin waɗannan kamfanoni don abincinmu a jikinsu yake, saboda haka bari in warware maka yadda abin yake, sannan mu zo kan kuɗinka.

Mu fara da lissafi, don duk maganar a kansa take. GT-R ɗin da ake kira R35 ta fito a ƙarshen 2007, kuma ta ƙarshe ta sauko daga layin masana'antar Tochigi a Japan a watan Agusta 2025. A cikin waɗannan shekaru 18 an ƙera kusan guda 48,000. To, a shekarar kuɗi ta 2024 kaɗai Nissan ya sayar da motoci kusan miliyan 3.3 a duniya. Ka raba wannan da kwanakin shekara, za ka ga ya haura mota 9,000 a kowace rana. Wato duk GT-R ɗin da aka yi cikin shekara 18 ba su kai cinikin mako guda na kamfanin ba. Motar da hotonta yake a wayar kowane yaron gareji, a littafin akanta ɗan layi ce ƙarama.

Kuma ƙera sabon zubin mota ba ya sauƙi don kawai kaɗan za a sayar. Sai an zana shasi, an yi manyan injinan da ke buga ƙarfen bodi, an farfasa motoci da gangan don gwajin haɗari, an kai inji gwajin hayaƙi a kowace ƙasa da dokarta, an rubuta manhajar kwamfutar da ke tafiyar da giya da birki. Wannan kuɗin ana kashe shi tun kafin a sayar da mota ko ɗaya. Mu ƙaddara, don misali kawai, an kashe dala miliyan 600. In motar iyali ce da za a sayar da miliyan uku, kowace ta ɗauki dala 200. In motar gudu ce da za a sayar da dubu hamsin, kowace ta ɗauki dala 12,000, ba a yi maganar ƙarfe da taya da albashin ma'aikata ba. Shi ya sa irin wannan mota take kamar dokin hawan Sallah a gidan sarkin zango: shekara guda yana cin dawa, fitarsa ta 'yan kwanaki ce, kuma kasuwancin gidan ne yake ciyar da shi. Yana ɗaga sunan gida, babu musu. Amma shekarar da ciniki ya karye, ba wanda zai kawo shawarar a sayo sabo.

Cinikin Nissan kuwa ya karye sosai. A shekarar kuɗi ta 2017 ya sayar da motoci sama da miliyan 5.7, ka ga yadda aka sauko. A China, kamfanonin gida irin su BYD sun ƙwace kasuwa da motocin lantarki masu araha. A Amurka, lokacin da masu saye suka koma neman motoci masu haɗin fetur da batir, Toyota da Honda suna da su a jere, Nissan ba shi da abin nunawa, sai ya dinga rage farashi don a kwashe kayansa, riba ta zube. A Disamba 2024 aka fara maganar haɗewa da Honda, a Fabrairu 2025 maganar ta watse bayan Honda ya nemi Nissan ya koma ƙarƙashinsa. Shugaban kamfanin, Makoto Uchida, ya sauka, Ivan Espinosa ɗan ƙasar Meziko ya hau a Afrilu. A wannan watan ne kuma Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin ɗari a kan motocin da ake shigowa da su. Da aka rufe littafin shekarar da ta ƙare a Maris 2025, asarar ta kai yen biliyan 670 da ɗoriya, wato kusan dala biliyan huɗu da rabi.

A watan Mayu 2025 Espinosa ya fito da shirin da suka kira Re:Nissan. Za a rage ma'aikata 20,000, masana'antu su sauko daga 17 zuwa 10, kuma daga baya aka ce cikin waɗanda za a rufe har da ta Oppama a Japan, wadda ta fara aiki tun farkon shekarun 1960. Amma layin da ya amsa tambayarka kai tsaye shi ne wannan: kamfanin ya ce ya dakatar da aikin motocin da aka tsara za su fito bayan shekarar kuɗi ta 2026 na ɗan lokaci, ya kwashe mutum 3,000 daga can ya mayar da su aikin neman inda za a rage kashe kuɗi. Ka ga injiniyoyin suna nan da basirarsu. An ɗauke su ne daga teburin zane aka ce su je su duba yadda za a rage farashin madubi da kujera da waya. Har ginin hedkwatarsu na Yokohama sun sayar, suka koma haya a cikinsa. Shi Espinosa an san shi da son motocin gudu, kuma ranar da aka rufe R35 ya ce GT-R za ta dawo, ya roƙi masoyanta su yi haƙuri, ya kuma faɗa da bakinsa cewa babu tsayayyen tsari tukuna. Duk hoton "R36", wato magajiyar R35 da ake jira, da ka gani ana yawo da shi a TikTok ko YouTube, zanen kwamfuta ne na masu neman 'yan kallo.

Ni a ganina sun yi daidai da suka jinkirta. Ina son GT-R kamar yadda kake son ta, amma mutum 20,000 gidaje 20,000 ne, da yara a makaranta da tsofaffi a asibiti. Ban ga da wace fuska shugaba zai sallami waɗannan, sannan washegari ya zuba ɗaruruwan miliyoyi a motar da attajirai ƙalilan za su saya ba.

Akwai dalili na biyu, kuma shi ne ya kama Porsche. Yau in za ka fara zana motar gudu, sai ka yanke shawarar me zai tura ta: fetur zalla, haɗin fetur da batir, ko lantarki zalla. Aikin yana cin shekara huɗu zuwa biyar, motar kuma za ta zauna a kasuwa shekara takwas ko goma, saboda haka caca kake yi a kan dokar da za ta yi aiki shekara goma sha biyar nan gaba. Tarayyar Turai ta kafa doka cewa daga 2035 ba za a sayar da sabuwar mota mai fitar da hayaƙi ba, daga baya kuma ta fara maganar sassautawa. Amurka takan canja alƙibla da canjin gwamnati. Porsche ya yi caca a kan lantarki: ya ce magadan 718 Boxster da Cayman da batir za su zo. Sai kamfanin Northvolt na Suwidin, wanda ake sa ran samun batir daga wurinsa, ya durƙushe, ya shiga fatara a Maris 2025. Masu sayen motocin alfarma ba su rungumi lantarki da saurin da aka zata ba, cinikin Porsche a China ya faɗi da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a 2024, ga harajin Amurka, shi kuma ba shi da masana'anta a can. A Satumba 2025 ya juya, ya ce manyan samfuran sabuwar 718 za su samu injin fetur, a wata ukun da suka ƙare a wannan Satumbar kuma ya yi asarar aiki ta kusan yuro biliyan ɗaya. Shasin da aka zana don ya ɗauki batir a ciki, mayar masa da inji da tankin mai da salansa ba aikin wata shida ba ne. Tsohuwar ta tafi, sabuwar ba ta iso ba.

Matsalar batir a motar gudu nauyi ne da zafi. Motar lantarki tana iya tashi da ƙarfin da zai manna ka da kujera, amma ka zagaya filin tsere da ita sau da yawa a jere, batir ya ɗau zafi, kwamfuta ta rage ƙarfi don kare shi. Sunan GT-R kuwa a filin Nürburgring na Jamus aka gina shi, mai tsawon sama da kilomita 20. Nissan ya nuna wata motar gwaji mai suna Hyper Force a Tokyo a 2023, da sabon nau'in batir wanda babu ruwa a cikinsa, amma shi wannan batir kamfanin da kansa ya ce sai wajen shekarar kuɗi ta 2028 yake sa ran fara sa shi a mota.

Ka kuma lura tsofaffin ba don sun daina gudu aka janye su ba, doka ce take cin su ƙasa bayan ƙasa. R35 ta bar Ostireliya a 2021 saboda sabuwar dokar karo ta gefe, ta bar Turai a 2022 saboda dokar ƙara, ta bar Amurka a 2024. Ita 718 mai fetur an janye yawancin samfuranta daga Tarayyar Turai a tsakiyar 2024 saboda dokar kare kwamfutar mota daga masu kutse, don sake mata wayoyi gaba ɗaya bai biya ba. A 'yan shekarun nan Audi TT da R8, Chevrolet Camaro da Jaguar F-Type duk sun tafi ba magaji.

Wannan ba sabon abu ba ne, kuma tarihin ne yake sa ban yanke ƙauna ba. A 1999 Nissan ya kusa rufewa saboda bashi, Renault na Faransa ya sayi kashi 36.8 cikin ɗari, aka turo Carlos Ghosn, ya rufe masana'antu biyar, ya rage ma'aikata 21,000. A 2000 aka daina 300ZX, kakar 370Z ɗin da kake so. Sai da riba ta dawo 350Z ta fito a 2002. Skyline GT-R R34 ta tsaya a 2002, aka yi shekara biyar babu GT-R. Honda ya riga ya yi nisa da sabuwar motar gudunsa NSX mai silinda goma, ana gwada ta a fili, sai rikicin tattalin arzikin 2008 ya zo, a watan Disamba na wannan shekarar ya soke ta, ya kuma fice daga gasar Formula 1. Tawagar da ya bari ita ce ta ci kofin duniya a 2009 da sunan Brawn, abin da har yau nake jin zafinsa a madadin injiniyoyin Honda. NSX ba ta dawo ba sai 2016. Toyota Supra ta tsaya a 2002, ta yi shekara 17 kafin ta dawo.

Yadda suke dawowa shi ne abin da nake so ka riƙe, don ya shafi aljihunka. Ba sa dawowa su kaɗai. 350Z shasinta ɗaya da G35 ta Infiniti, sashen motocin alfarma na Nissan, injinta kuma dangin VQ ne, irin wanda yake cikin Maxima da Murano da Pathfinder. Supra ta 2019 a Graz ta ƙasar Ostiriya ake haɗa ta, tare da BMW Z4, da injin BMW a cikinta. Toyota 86 da Subaru BRZ uwa ɗaya uba ɗaya. Porsche da kansa, da ya shiga uku a farkon shekarun 1990, Boxster ta 1996 ce ta cece shi, wadda ta raba kayan gaba da 911, daga baya babbar jif ɗin nan Cayenne ta 2002 ta kawo kuɗin da ya riƙe sauran. Sabuwar Z ta 2022 ma haka: an yi mata sabon jiki, amma ƙashin 370Z ne aka ƙarfafa, har lambarta RZ34 take, ta tsohuwar kuwa Z34. Injinta mai lita uku da turbo biyu, ƙarfin doki 400, daga Infiniti Q50 da Q60 aka ɗauko. Wasu sun raina wannan, ni kuwa ina ganin hikima ce. Da ba a yi haka ba, da babu motar kwata-kwata.

Abin da yake damuna a irin wannan jinkiri mutane ne. Injin GT-R, VR38DETT, da hannu ake haɗa shi a wani ɗaki mai tsabta a masana'antar Yokohama, mutum ɗaya ya fara ya gama, sannan a manna ƙaramin ƙarfe mai ɗauke da sunansa a gaban injin. In ka taɓa buɗe bonet ɗin GT-R za ka gan shi. Mutum tara ne kacal suka yi wannan aiki a tsawon rayuwar motar. Zane yana zama a kwamfuta shekara nawa ma, amma hannun da ya san daidai ɗaurin noti da kunnen da ya san ƙarar bawul ba sa zama. Mu nan Magazine mun san haka: masta ya rasu bai yaye yaro ba, aikin ya bi shi. In aka yi shekara bakwai ko takwas babu GT-R, wasu daga cikinsu za su yi ritaya, kuma sai an sake renon wasu daga tushe.

Yanzu mu zo gida. Ka duba abin da waɗannan kamfanoni suke haɗawa a Ghana. Volkswagen ya fara a Accra a 2020, Toyota ya buɗe a Tema a 2021 da Hilux, Nissan ya biyo a 2022 da Navara. Motocin aiki da na iyali ne, don su ne kasuwarmu take ci. Motar gudu kuwa ba ta zuwa mana sabuwa. Tana fitowa a Amurka, wani ya hau ta shekara biyar ko takwas, wataƙila ya buga ta, ta shiga gwanjo, sannan ta hau jirgin ruwa zuwa tashar Tema. Ko da gobe aka sanar da sabuwar GT-R, kafin ta iso hannun irinmu ka yi aure ka haifi 'ya'ya sun shiga makaranta. Maganar abokanka cewa farashi zai faɗi kuma, akasin haka aka fi gani. In aka daina ƙera motar da ake so kuma babu magajiya, masu ita riƙewa suke yi. R34 a yau ta fi farashinta na sabuwa nesa ba kusa ba. Af, kada ma ka sa ranka a kanta: duk sitiyarin dama ne, mu kuwa tun Agusta 1974 muka koma tuƙi a hannun dama na titi, kuma doka ba ta yarda a shigo da mai sitiyarin dama ba.

Ga mu da muke cin ragowar kasuwar wasu, daɗewar zubi ɗaya alheri ne. 370Z ta yi daga 2009 zuwa 2020 ba a canja mata ƙashi ba. Injinta VQ37VHR shi ne a cikin Infiniti G37, wadda aka sayar da yawa a Amurka, saboda haka kwail da fulogi da sensa da famfon ruwa, har inji sukutum, ana samu a nan Magazine ko kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, in babu kuma a yi oda ya zo. Fitocinmu sun saba da dangin VQ. Ba ta da turbo, wanda a zafinmu da cunkoson Kejetia rahama ne. Ko kamfanin ya ƙara shiga matsi, kayan wannan injin sun yi yawa a duniya, ba za su ɓace a shekarunka na tuƙi ba.

GT-R kuwa ina roƙonka ka bar ta a hoto. Giyabos ɗinta a baya yake, mai kuloci biyu, yana da mansa na musamman, kuma sai da kwamfutar da ta san shi ake daidaita shi. Tayoyinta inci 20 ne, birkinta kaɗai zai iya cinye abin da ka tara. Wanda zai riƙe ta a Kumasi sai wanda zai iya ajiye ta wata uku tana jiran kaya daga waje bai ji komai ba.

In ka tsaya a kan 370Z, ka yi lissafin kwastan tun kafin ka biya kuɗin gwanjo. Injinta lita 3.7 ne, ya haura lita uku, saboda haka tana cikin ajin da ya fi tsada, kuma motar da ta wuce shekara goma ana ɗora mata tarar tsufa a kai. Don haka ka kwatanta kuɗin wadda ba ta kai shekara goma ba, ko da ta fi tsada a can, da na ta 2010 in an gama biyan komai a Tema. Na farkon shekarun ba su zo da na'urar sanyaya baƙin mai ba, kuma an san su da ɗaukar zafi in an matsa musu, don haka in ta farko ka samu, sa mata wannan na'urar kafin ka sa mata rediyo ko fenti. An kuma san injinan shekarun farko da wani gaskit na hanyar mai a bayan murfin sarƙar inji, wanda in ya fashe ƙarfin mai yake sauka ba tare da ka ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Ka sa a ɗaura mata agogon auna ƙarfin mai bayan inji ya yi zafi, a karanta a gabanka. In mai giyar hannu ce, ka taka kuloci sau da yawa a jere ka ji ko yana komawa sama da ƙarfinsa, don ƙaramar silindar da ke tura shi a cikin giyabos take, canja ta sai an sauke giyabos ɗin duka.

Fetur mai lamba 95 take sha, kada ka yi mata rowa da na ƙasa da haka. Ƙasa take sosai, kuma ka san tudun rage gudu da ramukan hanyoyin Aboabo da Asawase, saboda haka ka ware kuɗin bamba da shokozoba, ka kuma koyi hawa tudu a karkace. Kada ita ce ta zama motarka tilo in sana'arka tana buƙatar ɗaukar kaya ko iyali, kujera biyu ce kawai. Kuma bayan ka biya komai, ya kasance akwai abin da ya rage a hannunka na gyaran farko, don motar gwanjo ba ta isowa ba tare da ta nemi wani abu ba.

Kafin ka tura wa kowa ko sidi ɗaya, ka karɓi lambar shasi, a bincika tarihinta a intanet, a ga hotunan ranar da aka yi gwanjonta. Wadda aka buga ta gefe ko ta baya ana iya gyarawa in ƙashin bai lanƙwashe ba. Wadda ruwa ya ci kuwa ka guje ta ko nawa aka rage maka: ka ɗaga kafet, ka shinshina, ka duba ƙarƙashin kujera da cikin akwatin fis ko akwai tsatsa ko busasshiyar laka. In ka samu lambar da hotunan, ka kawo su gareji da safe kafin aiki ya yi yawa, mu duba tare.